Ƙanƙara ko Jan Haske: Me Ya Kamata Ka Yi wa Tsokarka Bayan Atisaye Mai Tsanani?

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo minti 90 a busasshen fili bayan ya yi wata biyu bai taka leda ba, ya san ba ranar wasan ake jin jiki ba. Washegari cinya ke fara magana. Jibi kuwa sai saukowa daga bene ko zaman tahiya ya zama aiki. Wannan tsamin jiki ne ya sa manyan 'yan wasa ke shiga bahon ƙanƙara irin wanda muke gani a bidiyo. Andy Murray tsohon ɗan wasan tanis da Paula Radcliffe tsohuwar mai gudun fanfalaki, dukansu 'yan Birtaniya, sun yi suna a kansa. Yanzu kuma ga wata sabuwa ta shigo: na'urori masu jan haske da ake ɗora wa a cinya ko a kafaɗa, ana ta tallarsu a intanet da alƙawarin za su gyara tsoka kafin gari ya waye.

Kowanne a cikin biyun yana da abin da yake yi, sai dai bai kai yadda masu talla ke kururutawa ba. Kafin ka sayi ƙanƙara ko ka tura kuɗin na'ura, amsa wa kanka wannan tambaya: yaushe zan sake buƙatar ƙafafun nan, kuma don me? Mai wasa gobe daban, mai neman ƙwanji nan da wata uku daban, kuma abin da zai taimaki na farko yana iya tauye na biyu.

An daɗe ana cewa sinadarin laktik ne ke taruwa a tsoka ya sa ta tsami. Ba haka ba ne. Laktik yana wucewa cikin kamar awa guda bayan an tsaya, tsami kuwa sai bayan awa 12 zuwa 24 yake farawa, ya kai ƙarshen ƙarfinsa tsakanin awa 24 da 72, sannan ya lafa cikin mako guda. Abin da ke faruwa shi ne zaruruwan tsoka da tantanin da ya lulluɓe su suna samun 'yan ƙananan raunuka, musamman idan tsokar tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, kamar gudu a gangare, ko cin birki a guje a fili, ko sauke ƙarfe a hankali, ko tsugunawa da nauyi a kafaɗa. Sai jiki ya turo jini da ƙwayoyin gyara, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin jin zafi su ƙara kaifi. Wannan ɗan kumburin da ƙarin jinin suna cikin aikin gyaran kansa, kuma ta hanyarsu tsoka ke dawowa da ƙarfi fiye da da.

Abin da ruwan sanyi ke yi

Sanyi yana tsuke hanyoyin jini, ya rage zafin tsoka, ya kuma rage saurin da jijiya ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa. Nauyin ruwan ma yana matsa ƙafa, ya taimaka wajen mayar da ruwan da ya taru a cikinta. Sakamakon shi ne mutum ya ji sauƙi. A 2012 cibiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen lafiya ta tace su, ta duba gwaji 17 da aka yi a kan mutum 366, ta ga cewa shiga ruwan sanyi yana rage tsamin jiki idan aka kwatanta da zama kurum. A lura da abin da aka kwatanta shi da shi. Idan aka gwada shi da ɗan tuƙa keke a hankali ko tafiyar ƙafa ta minti goma bayan wasa, ba lallai fifikonsa ya kai haka ba.

Akwai wani gwaji da nake son masu horarwa su sani. A 2014 masu bincike a birnin Melbon na Ostireliya sun raba maza 30 gida uku bayan atisaye mai tsanani a kan keke. Wasu sun shiga ruwan sanyi, wasu ruwa mai ɗumi, wasu kuma ruwa mai ɗumin da aka zuba wa sabulun wanke fata na ruwa, aka ce musu sabon maganin gajiya ne da bai gaza ƙanƙara ba. 'Yan rukunin sabulu sun dawo da ƙarfin ƙafarsu daidai da 'yan ƙanƙara. Wannan bai sa na raina ruwan sanyi ba. Ɗan wasan da ya kwana yana jin ƙafarsa sakayau zai fita fili da ƙwarin guiwa, kuma wannan ma riba ce. Amma ya nuna cewa wani kaso na amfanin a zuciya yake, don haka babu dalilin azabtar da kai da sanyin da ya wuce kima.

Ga yadda ake yi. Ruwan ya kasance tsakanin digiri 11 da 15 a ma'aunin Salshiyas, a zauna minti 11 zuwa 15. Wannan ne ma'aunin da wani nazari da aka yi a Birazil a 2016, wanda ya haɗa gwaje-gwaje da dama, ya ga ya fi ba da sakamako. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi na ruwa, don hannu maƙaryaci ne: a watan Afrilu ruwa mai digiri 22 ma sai ka rantse ƙanƙara ce. Babbar roba ko rabin duro ya wadatar, matuƙar za ka zauna ruwan ya rufe cinya zuwa ƙugu. Idan ƙafa ce ta yi aikin, babu buƙatar nutsar da ƙirji, balle kai.

Lissafin ƙanƙarar ma yana da kyau a sani tun kafin a aiki yaro kasuwa. Idan ruwan rijiya ko na tanki yana digiri 28, kana son ka saukar da lita 100 zuwa digiri 15, kana buƙatar kusan kilo 14 na ƙanƙara, wato kilo guda ga kowace lita bakwai. A lokacin zafi, ranar da babu wuta kuma masu ƙanƙara sun ɗaga farashi, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa ya fi dacewa ƙungiya ta haɗa, mutum biyu ko uku su shiga bi da bi ana ƙara ƙanƙara. Sai dai mai buɗaɗɗen ciwo ko ƙurji a fata kada ya shiga ruwan tarayya. Da hunturu kuwa, ruwan da ya kwana a waje a buɗe yakan yi sanyin da zai rage maka rabin kuɗin. Auna shi ka gani. A fasa ƙanƙarar, a juya ruwan har ta narke ko ta kusa, sannan a auna. Ba a son dunƙulen ƙanƙara ya jingina da fata.

Shiga a hankali, ƙafa tukuna, sannan guiwa, sannan ka zauna. Sakan 30 na farko su ne masu wuya: numfashi zai fizge, zuciya ta buga da sauri, jini ya hau. Wannan firgicin sanyi ne, wanda Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Fotsmos a Ingila ya daɗe yana nazari, kuma yakan lafa cikin minti ɗaya zuwa uku. Ka mai da hankali kan fitar da numfashi a hankali, sauran zai daidaita. Ranar farko minti biyar a digiri 15 ya isa. Kada ka shiga kai kaɗai a gida, kada ka kulle ƙofar banɗaki, kuma da ka ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko yatsun ƙafa sun mutu sun canza launi, fito. Bayan fitowa ka goge jiki, ka sa kaya busassu, ka sha wani abu mai ɗumi. Tsoka mai sanyi ba ta da sauri kuma ba ta da ƙarfi, don haka kada ka fito daga baho ka koma fili ka ce za ka yi tsere.

Inda ƙanƙara ke cin riba

Ruwan sanyi kamar bashi ne: yana ba ka ƙafa gobe, amma daga ribar atisayen yau ake cirewa. A 2015 mujallar nazarin aikin jiki ta Journal of Physiology ta buga wani gwaji da Llion Roberts da abokan aikinsa suka yi a Kwinsland ta Ostireliya. Maza 21 sun yi mako 12 suna ɗaga ƙarfe sau biyu a mako. Bayan kowane atisaye, wasu su shiga ruwa mai digiri 10 na minti 10, sauran su tuƙa keke a hankali na minti 10. Da aka auna a ƙarshe, 'yan keke sun fi 'yan ƙanƙara ƙaruwar tsoka da ƙarfi. Daga baya masu bincike a Jami'ar Mastirik ta Holan suka sa samari tsoma ƙafa ɗaya a ruwa mai digiri 8 na minti 20, ɗayar kuma a ruwa mai digiri 30, suka ga ƙafar da aka sanyaya ba ta shigar da furotin cikin ginin tsoka kamar 'yar'uwarta. Dalilin a fili yake. Ka rage jinin da ke kai abinci wurin, ka kuma kashe wutar da jiki ya kunna don gyara.

Don haka idan kai ɗan ɗaga ƙarfe ne, ko ɗan dambe ko ɗan ƙwallo da ke cikin watannin gina ƙarfi kafin a shiga kaka, ka bar ƙanƙara bayan atisayen nauyi. Wasu masu horarwa kan ce a jinkirta awa huɗu zuwa shida. Wannan ƙiyasi ne, mafi aminci a bar shi gaba ɗaya a irin wannan rana. Wankan ruwan famfo na yau da kullum ba ya cikin wannan magana, don bai kai sanyin da zai ratsa tsoka ba.

Inda bashin ya dace shi ne lokacin gasa. Wasa yau wasa jibi, ko gasar unguwanni da ake buga zagaye biyu a ƙarshen mako, ko irin gasar takobi ta kokawar gargajiya a Nijar, inda ɗan kokawa ke kwashe kwanaki a jere yana shiga fili. A nan ba gina tsoka ake yi ba, ƙafar gobe ake nema. Masu gudun dogon zango da masu keke su ma suna da sauƙi, domin nazarce-nazarcen da aka haɗa ba su nuna sanyi na tauye ƙaruwar juriya kamar yadda yake tauye ƙaruwar tsoka ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai taɓa shiga ba, kada ya fara a daren wasan ƙarshe.

Akwai waɗanda bahon ƙanƙara ba nasu ba ne ko kaɗan, kuma na farko a wajenmu shi ne mai sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan lalura, kuma sanyi yana cikin sanannun abubuwan da ke tayar da ciwon, saboda tsukewar hanyoyin jini. Mai horar da yara da matasa ya tambaya kafin ya ce kowa ya shiga. Haka mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai farfaɗiya, mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara rasa ji, da wanda fatarsa ke yin borin jini idan sanyi ya taɓa ta. Mace mai juna biyu ta nemi shawarar likita tukuna.

Wuri ɗaya ne ruwan sanyi ke tashi daga zaɓi ya koma ceton rai. Idan ɗan wasa ya faɗi a cikin zafin rana, jikinsa rau, yana sambatu ko bai san inda yake ba, ana zargin zafin cikinsa ya haura digiri 40. A nan ƙa'idar likitocin wasanni ita ce a fara sanyaya shi nan take, sannan a kai shi asibiti. A tsoma jikinsa a ruwa mafi sanyi da aka samu, wani ya riƙe kansa a sama. In babu baho, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, a sa tsumma mai ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, wani kuma ya nemo mota.

Jan haske

Labarin ya faro ne a 1967 a Budafes ta ƙasar Hangari, inda wani likita mai suna Endre Mester yake gwada hasken lesa mai rauni a kan ɓerayen da aka aske wa baya, sai ya lura gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa. Bayanin da masana suka fi karɓa a yau shi ne, jan haske da wanda ke gaba da shi kaɗan, wato infared na kusa wanda ido ba ya gani, suna ratsa fata su isa mitokondiriya, 'yan ɗakunan da ke samar wa ƙwayar halitta makamashi, su ƙara musu kuzari, su kuma saki sinadarin da ke buɗe hanyoyin jini. Ana auna irin hasken da nanomita: ja yana wajen 630 zuwa 670, infared na kusa kuma wajen 800 zuwa 950.

Wannan ba fitilar gashi ba ce da ake gani a sashen gashin ƙashi na asibiti, wadda aikinta ɗumama wuri. Ba kuma ƙwan fitila ba ne da aka shafa wa jan fenti.

Mafi yawan binciken da aka yi kan 'yan wasa daga Birazil ya fito, musamman daga Ernesto Leal-Junior da abokan aikinsa a Sawo Fawulo. Sun ba da rahoton raguwar tsami, da raguwar alamun raunin tsoka a jini, da ɗan ƙarin juriya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, sakamakon ya fi kyau idan an haska tsokar kafin atisaye, ba bayansa ba, kuma ba a ga yana tauye ginin tsoka irin na ƙanƙara ba. Sai dai a yi hattara. Gwaje-gwajen ƙanana ne, na'urorin sun sha bamban, wasu masu binciken a wasu wurare ba su ga wani bambanci ba, kuma wani ɓangare na aikin kamfanonin da ke ƙera na'urorin ne suka tallafa masa. Hukuncina shi ne abu ne mai alamar amfani wanda hujjarsa ba ta gama nuna ba, ga shi da tsada.

Wanda ya samu dama, a asibitin gashi ko a ƙungiyar da ta mallaki na'ura, ya sani cewa komai a kan awo yake. Ana lissafin hasken da jul, wato ƙarfin na'ura a wat sau yawan sakan. Shawarar da Leal-Junior da abokan aikinsa suka buga a 2019 ita ce jul 20 zuwa 60 ga ƙaramar tsoka kamar ta dantse, jul 60 zuwa 300 ga babba kamar ta cinya, a yi tsakanin minti 5 da awa 6 kafin wasa. Misali, kan na'ura mai rabin wat idan ya yi sakan 60 a wuri guda ya ba da jul 30. Wuri shida a gaban cinya ya zama jul 180, minti shida ke nan ga kowace ƙafa. Ƙari ba ya ƙara amfani. An sha ganin cewa idan awon ya wuce iyaka, amfanin ɓacewa yake yi.

A manna kan na'urar a fata mai tsabta, busasshiya, ba mai, ba man zafi. Yawancin gwaje-gwajen da suka ba da sakamako mai kyau da irin wadda ake mannawa aka yi su, ba allon da ake tsayawa nesa da shi ba. Idan za ka saya, nemi takardar da ta faɗi nanomita da wat ƙarara; na'urar da ba ta faɗi waɗannan biyun ba, ba ka da hanyar sanin abin da kake ba jikinka. Mu masu baƙar fata kuma akwai ƙarin lura: sinadarin launin fatarmu yana shanye jan haske fiye da farar fata, don haka kaɗan ne ke isa tsoka, fatar kuma ta fi saurin ɗaukar zafi. Infared na kusa ya fi ratsawa. Ka fara da gajeren lokaci, in ka ji ya wuce ɗumi zuwa zafi ka ɗaga. Kada a kalli hasken, musamman na lesa, a sa tabarau ɗin da ya zo da shi. Ba a haska kan ƙari ko wurin da ake zargin daji, ko cikin mai juna biyu, kuma mai shan maganin da ke sa fata ta kasa jure haske ya tambayi likitansa.

To, a haɗa su biyun? Wani gwaji da aka yi a Birazil a 2016 kan maza 50 ya gwada haske kaɗai, ƙanƙara kaɗai, da haɗinsu ta kowace fuska. Haske kaɗai ne ya fi, haɗa shi da ƙanƙara kuma rage masa amfani ya yi. Gwaji ɗaya ne, kuma jakar ƙanƙara aka ɗora, ba baho aka shiga ba, amma ya yi daidai da hankali, tunda ɗaya buɗe hanyar jini yake nema, ɗaya kuma tsuke ta. A ranar gasa, in duka biyun suna hannunka, raba lokacinsu: haske kafin wasa, ruwan sanyi bayansa.

Duk wannan ƙari ne a kan barcin awa 7 zuwa 9, da ruwan sha, da abinci. Mai gina tsoka yana buƙatar kusan giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato giram 112 ga mai kilo 70, kuma wake da ƙwai da kifi da awara da nono da ƙuli-ƙuli duk suna kawo shi. Kuɗin ƙanƙarar mako guda in aka mai da shi ƙwai, a mafi yawan makonni ya fi amfani. Tausa ma ba abin rainawa ba ce. Wani nazari da aka yi a Faransa a 2018, wanda ya kwatanta hanyoyin huce gajiya iri-iri, ya sa ta a gaba wajen rage tsami. Abin da ba na so shi ne al'adar haɗiyar ibuprofen ko diclofenac bayan kowane atisaye. Suna wahalar da ƙoda da ciki, musamman a jikin da ya yi gumi bai sha ruwa ba, kuma wani gwaji a Suwidin ya nuna cewa shan ibuprofen mai yawa kullum na mako takwas ya rage ƙaruwar tsoka a matasa masu ɗaga ƙarfe.

A ƙarshe, a bambance tsami da rauni. Tsami yakan kama ɓangarorin jiki biyu daidai, yana zuwa a hankali, kuma yana sassautawa idan aka motsa. Ciwon da ya zo farat ɗaya ana cikin gudu, a wuri guda da za ka iya nunawa da yatsa, da kumburi ko taruwar jini ko kasa taka ƙafa, wannan targaɗe ne ko yagewar tsoka, mai gashin ƙashi ko likita zai duba. Idan kuma bayan atisaye mai tsanani, musamman na wanda ya daɗe bai yi ba ya zo ya yi da yawa a cikin zafi, tsoka ta kumbura ta yi tauri, fitsari ya koma launin baƙin shayi ko ya ragu ƙwarai, to tsokar ce ke narkewa tana zuba cikin jini, kuma tana iya toshe ƙoda. Masu rukunin jini na AS su fi kowa lura da wannan. A tafi asibiti a ranar, a gaya wa likita irin atisayen da aka yi da lokacin da fitsarin ya canza.